Yadda Ake Bin Sawun Ofiyom ɗin da Gwamnatocin Mulkin Mallaka Suka Ƙwace

Ɗalibin tarihi ko na shari'a a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, wanda ya ɗauki fataucin miyagun ƙwayoyi a matsayin batun kundin kammala karatunsa, yakan fara ne da tambayar wa ya shigo da kaya, ta wace hanya, kuma wa ya kama shi. Tambayar da ba a cika yi ba, alhali ita ce ta fi tona halin hukuma, ita ce ina kayan suka nufa bayan an kama su. Wannan bayani zai nuna yadda ake neman amsar tambayar game da ofiyom, wato daskararren ruwan da ake tatsa daga ƙoƙon furen fofi, wanda daga cikinsa ake fitar da mofin da hodar hirowin, a ƙasashen da Turawa suka mallaka tun daga ƙarni na 19 har zuwa shekarun samun mulkin kai. Mafi yawan aikin ana iya yin sa daga Yamai, muddin akwai intanet da haƙurin karanta tsofaffin takardu.

Abin da ya kamata mai bincike ya fara tantancewa, kafin ya buɗe kowane dosiye, shi ne ko gwamnatin ƙasar da yake nazari a kanta ita ma tana sayar da ofiyom a wancan lokaci. Duk sauran aikin a kan wannan yake tsaye. A yau idan jami'an OCRTIS, hukumar yaƙi da fataucin miyagun ƙwayoyi ta Nijar, suka kama tiramol ko tabar wiwi, kamar tan 17 na wiwi da aka kama a Yamai a watan Maris na 2021, mutane suna sa ran ƙarshen kayan wuta ce, domin gwamnati ba ta da kanti inda take sayar da irinsu. A yawancin ƙasashen Asiya da ke ƙarƙashin Turawa lamarin ba haka yake ba. Gwamnati ce babbar dillaliyar ofiyom, kuma ɗan fasa-ƙwauri a idonta abokin gasa ne da ke karya mata farashi. Wanda ya ƙwace hajar abokin gasarsa, kuma hajar tana da kyau, da wuya ya ƙona ta.

A Indiya, kamfanin Ingila mai mulkin ƙasar ya mayar da cinikin ofiyom na yankin Bengal nasa shi kaɗai tun 1773, a zamanin Warren Hastings. Manoma suna noma da lasisi, suna miƙa duk abin da suka tatsa ga gwamnati a kan farashin da ta yanka, ana sarrafa shi a masana'antun Patna da Ghazipur, sannan a yi gwanjonsa a Kalkata ga ƴan kasuwar da ke kai shi ƙasar Sin. A tsakiyar ƙarni na 19 wannan ciniki yana kawo kusan kashi 15 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin Indiya. A Indoshin, wato Vietnam da Laos da Kambodiya na yau, ƙasar da sunanta ba baƙo ba ne a Nijar saboda tsofaffin sojojinmu da aka kai yaƙi can, Faransa ta buɗe gidan dafa ofiyom a Saigon a 1881, kuma Paul Doumer, wanda ya yi gwamna janar daga 1897 zuwa 1902, ya haɗa cinikin ofiyom da na gishiri da na barasa a hannun hukuma ɗaya da ke kula da duwan. Holan ta fara irin wannan tsari a tsibirin Madura na Indonesiya ta yau a 1894, ta faɗaɗa shi zuwa Jawa. Jafan ta yi nata a Taiwan daga 1897. Ingila ta karɓi cinikin da hannunta a Singafo da maƙwabtanta a 1910, a Hong Kong kuma a 1914, kuma akwai shekarun da ofiyom ya kawo kusan rabin kuɗin shigar gwamnatin Singafo. Amurka ce ta bi wata hanya dabam a Filifin, inda ta haramta shi daga watan Maris na 1908, in ban da na magani.

Afirka ta Yamma ta Faransa, wadda aka kafa a 1895, ba ta taɓa samun hukumar cinikin ofiyom irin ta Indoshin ba. A nan ofiyom yana cikin jerin magunguna masu guba da likitoci da masu kantin magani ke riƙewa bisa doka. Saboda haka ɗalibin da ke son tarin takardu a kan ofiyom kansa, Asiya zai fuskanta; wanda kuma ke son ya tsaya a gida, zai ɗauki wannan hanyar bincike ya ɗora ta a kan duk wata haja da duwan suka ƙwace a bakin iyaka, misali tsakanin Birnin Ƙonni da Illela, domin jerin takardun da ake cikawa iri ɗaya ne.

Mataki na biyu shi ne a nemo dokar da ke aiki a wurin a shekarar da aka yi kamun. A nan ɗalibai da yawa ke yin tuntuɓe, domin suna ɗauko dokar Faransa su ɗora wa Damagaram ko Tawa kai tsaye. Faransa ta yi babbar dokarta a kan ofiyom da mofin da hodar iblis a ranar 12 ga Yuli, 1916, amma ƙa'idar mulkin mallakarta ita ce dokar da aka yi a Faris ba ta hawa kan ƙasar da aka mallaka sai an yi wani kudiri na musamman da ya faɗaɗa ta, sannan gwamna janar ya shelanta shi a jaridar gwamnati. Don haka abin nema shi ne ranar shelar a jaridar gwamnatin Afirka ta Yamma, wadda ake bugawa a Dakar, ba ranar da majalisar Faransa ta zartar ba. A Indiya dokokin da za a karanta su ne na 1857 da na 1878. Ta 1878 ce ta ba da ikon ƙwace ofiyom da kwanukan da aka zuba shi da dabbobi ko keken da ya ɗauko shi, ta kuma bar wa gwamnatocin larduna su tsara ƙananan ƙa'idojin abin da za a yi da kayan da ladan da za a ba masu kamu. Waɗannan ƙananan ƙa'idoji sun fi babbar dokar amfani ga mai bincike, domin a cikinsu ake faɗin wanda zai duba kayan da inda za a aika su. A Najeriya kuwa dokar magunguna masu haɗari ta 1935 ce za a karanta.

Da doka a hannu, sai a koma ga jerin takardun da kowane kamu ke haifarwa. Ta farko ita ce takardar shaidar kamu, wadda ma'aikatan Faransa ke kira procès-verbal de saisie. A cikinta ake samun rana da wuri, sunayen masu kamu, yadda aka ɓoye kayan, siffarsu, da nauyinsu na farko. A kwafe wannan nauyi daidai yadda aka rubuta shi, haɗe da ma'aunin da aka yi amfani da shi, a kuma lura ko an auna da marufi ne ko ba da shi ba. Ta biyu ita ce takardar ajiya, wadda ke nuna cewa an ɗaure kayan an buga musu hatimi, an sa su a sito na duwan, ko a baitulmali, ko a hannun magatakardan kotu. Ta uku ita ce rahoton gwani, likitan gwamnati ko masanin haɗa magunguna, wanda ke faɗin ko ɗanye ne ko dafaffe, yawan mofin da ke cikinsa, yawan danshinsa, da ko an yi masa algus. Ƴan fasa-ƙwauri sukan cuɗa shi da gari, da yashi, da ruwan rake mai kauri, don ya ƙara nauyi. Wannan rahoto shi ne ke yanke makomar kayan fiye da hukuncin alƙali, domin mai kyau ake riƙewa, gurɓatacce ake zubarwa.

Takarda ta huɗu ita ce hukunci, kuma a nan akwai abin da ya kamata a yi hattara da shi. A tsarin duwan na Faransa ba kowace magana ke kaiwa gaban alƙali ba. Doka ta ba hukumar duwan ikon yin sulhu da wanda aka kama, ya biya tara ya yafe kayan, a rufe magana. Sunan wannan a takardu transaction. Wanda ya tsaya a kan rajistar kotu kaɗai zai ɗauka kamun ba shi da yawa, alhali wani kaso nasa yana can cikin littattafan duwan. Idan kuma maganar ta je kotu a Afirka ta Yamma kafin 1946, dole a san ko wanda ake tuhuma ɗan ƙasar Faransa ne ko talakan mulkin mallaka, domin kotunansu dabam-dabam ne, rajistocinsu ma haka. A 1946 ne aka soke kotunan ƴan ƙasa a fannin laifuka.

Bayan hukunci ne ainihin abin da ake nema yake zuwa. Hanyoyin da kayan ke bi ba su wuce huɗu ba, amma ba daidai suke da yawa ba. Inda gwamnati ke da masana'anta, hanyar da ta fi sauƙi ita ce a aika mata ofiyom ɗin da gwani ya ce yana da kyau, a cuɗa shi da nata, ya fito a cikin gwangwani mai tambarin hukuma. A Indoshin ƙananan gwangwanaye na tagulla ake amfani da su, a Jawa kuma ƴan bututun ƙarfe mai laushi da aka liƙe bakinsu, duk don a iya bambance na gwamnati da na ɓoye. Ma'anar wannan ita ce mashayin da aka hana shi saye a hannun ɗan fasa-ƙwauri, zai iya shan wannan ofiyom ɗin dai bayan ƴan watanni, a kan farashin gwamnati wanda ya fi tsada. Shaidar wannan hanya ita ce rasit ɗin masana'anta, da kuma layin da ke cikin lissafin shekara inda aka rubuta kayan kamu a matsayin kayan da suka shigo sito. Hanya ta biyu ita ce a sayar da shi ga mai lasisi ko a tura shi wata ƙasa da ke da masana'anta, abin da ya fi faruwa a ƙananan wurare da ba su da tasu. Ta uku ita ce a miƙa shi ga asibitocin gwamnati ko a fitar da mofin daga cikinsa don magani. Ta huɗu ita ce hallakawa, ta hanyar ƙonawa ko zubarwa a teku, a gaban kwamitin shaidu da ke sa hannu a takarda.

Takarda ta ƙarshe, wadda aka fi mantawa da ita, ita ce ta rabon lada. Hukumomin duwan na wancan zamani suna raba wani kaso na tara da na darajar kayan kamu tsakanin ma'aikatan da suka yi kamun da ɗan rahoton da ya tsegunta. Wannan takarda tana da amfani ta fuska biyu. Tana nuna kuɗin da hukuma ta ƙiyasta wa kayan, kuma idan aka ga an lissafa ladan bisa farashin da masana'anta ta biya, an samu shaida ta biyu cewa kayan ba wuta suka shiga ba. Tana kuma bayyana dalilin da ya sa ma'aikata da kansu ba su son hallakawa: kayan da aka ƙona ba su kawo kuɗin da za a raba, sai gwamnati ta ciro ladan daga aljihunta. Wasiƙun da ake yi tsakanin ƙaramin jami'i da ofishin kuɗi a kan wa zai biya ladan sukan fi kowace takarda faɗin gaskiyar abin da ke ran hukuma.

Da zarar an tara waɗannan takardu, aikin ya koma lissafi. A buɗe shafi a littafi ko a kwamfuta, kowane kamu da layinsa, a jera nauyin ranar kamu, nauyin ranar gwaji, nauyin ranar miƙawa ko hallakawa, sannan kuɗin da aka rubuta a kowane mataki. Dole a mayar da duk ma'aunai zuwa kilo da giram. A Indiya tola ɗaya giram 11.66 ne, sir ɗaya kusan giram 933, mand ɗaya kuma sir 40 ne, wato kilo 37 da ɗan ɗori. A Hong Kong da Singafo tahil ɗaya kusan giram 37.8 ne, kati ɗaya kusan giram 605, fikul ɗaya kuma kati 100 ne, wato kilo 60 da rabi. Akwati ba ma'auni ne tsayayye ba: na yankin Malwa na Indiya yana kusa da fikul ɗaya, na Bengal mai ɗauke da dunƙule 40 ya fi shi nauyi. Wanda ya tara adadin akwatuna ba tare da ya duba asalinsu ba, lissafinsa zai karkace tun daga tushe.

Idan aka ga nauyi ya ragu tsakanin kamu da miƙawa, kada a yi gaggawar rubuta cewa an yi sata. Ɗanyen ofiyom yana da danshi, kuma yana bushewa a sito, musamman idan shari'a ta ja watanni a ƙasa mai zafi. A ce, don misali kawai, an kama sir 20, wato kilo 18.7, sannan masana'anta ta rubuta cewa kilo 17 ta karɓa. Kafin a yanke magana sai a duba ko awon farko ya haɗa da ganye da tsumman da aka naɗe shi, a duba abin da gwani ya ɗiba don gwaji, a duba danshin da ya rubuta. Idan waɗannan uku sun cike giɓin, magana ta ƙare. Idan ba su cike ba, ko kuma aka ga rahoton gwaji na biyu yana nuna mofin ƙasa da na farko nesa ba kusa ba, to akwai alamar an musanya kayan a sito, kuma sai a nemi dosiyen ladabtar da ma'aikata na wannan shekara. A ra'ayina ɗalibin da ya nuna giɓi ɗaya da hujja ya fi wanda ya cika shafi goma da zargi.

Kalmar da aka fi bukatar a yi mata taka-tsantsan ita ce wadda ke cewa an hallaka kayan. Rahoton shekara yana iya faɗin haka a layi ɗaya, amma mai bincike bai kamata ya karɓa ba sai ya ga takardar hallakawa mai ɗauke da rana, da wuri, da nauyi, da hanyar da aka bi, da sa hannun shaidu. Ofiyom ba ya ƙonewa da sauƙi kamar ciyawa, kuma tokar da ragowar da ya bari suna iya riƙe mofin. Ko ragowar da ke maƙalewa a lofen mashaya ma sai da yarjejeniyar ƙasashe ta 1912 ta lissafa ta cikin dafaffen ofiyom. Wannan ne ya sa Lin Zexu, wakilin sarkin Sin, bai yi amfani da wuta ba a Humen, a gaɓar tekun kudancin Sin, a watan Yuni na 1839, lokacin da ya hallaka akwati fiye da 20,000 da ya tilasta wa ƴan kasuwar Turawa su miƙa. Ramuka ya sa aka haƙa aka cika da ruwa, aka farfasa dunƙulen a ciki, aka zuba gishiri da farar ƙasa, sannan aka saki ruwan zuwa teku, aikin da ya ɗauki kwana 23. Sin ba ƙasar da aka mallaka ba ce, amma labarin yana da amfani a matsayin ma'auni, domin ya nuna yadda Ingila ke kallon kayan: ta yi yaƙi a kai, kuma a yarjejeniyar Nankin ta 1842 ta karɓi dalar azurfa miliyan 21, miliyan 6 daga ciki diyyar ofiyom ɗin da aka hallaka, haɗe da tsibirin Hong Kong. Gwamnatin da ta karɓi diyyar kayan fasa-ƙwaurin mutanenta ita ce kuma ke ɗaure ƴan Indiya a kan fasa-ƙwaurin irin wannan haja. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Daga shekarun 1920 mai bincike yana samun wata madogara ta biyu da zai gwada takardun cikin gida da ita. Taron Shanghai na 1909 da yarjejeniyar Hague ta 23 ga Janairu, 1912 su ne suka fara jawo batun ofiyom zuwa teburin ƙasashe, kuma yarjejeniyar Versailles ta 1919 ta ɗora wa duk wanda ya sa mata hannu aiki da ta 1912. Amma wadda ta fi shafar wannan bincike ita ce yarjejeniyar Jeneba ta 19 ga Fabrairu, 1925, wadda ta fara aiki a 1928. Sashe na 22 nata ya wajabta wa ƙasashe su riƙa aika wa wani kwamiti na dindindin da ke Jeneba alƙaluman shekara, ciki har da yawan abin da suka ƙwace saboda shigowa ko fita ta haramtacciyar hanya, tare da bayanin abin da aka yi da shi. Saboda haka daga ƙarshen shekarun 1920 kowace gwamnatin mallaka tana da magana biyu a kan kamu ɗaya: wadda ta rubuta wa kanta, da wadda ta aika Jeneba. A ajiye su gefe da gefe a karanta.

Akwai kuskuren da ake yawan yi game da yarjejeniyar 13 ga Yuli, 1931. Sashe na 18 nata ya ce magungunan da aka kama a haramtaccen ciniki, da zarar kotu ta gama da su, a hallaka su, ko a juya su zuwa abin da ba ya sa maye, ko a yi amfani da su a magani da binciken kimiyya a ƙarƙashin kulawar gwamnati, hirowin kuwa ko dai a hallaka ta ko a juya ta. Sai dai wannan sashe yana magana ne a kan magungunan da aka sarrafa, irin su mofin da hodar iblis, bai haɗa da ɗanyen ofiyom ba. Sai a yarjejeniyar 1953 aka keɓe sashe na 7 ga ofiyom ɗin kamu, aka sa hallakawa ta zama ƙa'ida, tare da ƴan togace-togace. Kafin lokacin Ingila da Holan sun riga sun sanar a 1943 cewa ba za su maido da cinikin ofiyom na sha a ƙasashensu na Asiya ba bayan yaƙin duniya na biyu. Wanda ya zargi wata gwamnati ta 1935 da karya yarjejeniya don ta mayar da ɗanyen ofiyom masana'anta, ya ɗora mata laifin da doka ba ta ɗora mata ba. Abin da ya fi dacewa a nuna shi ne cewa ƙasashen da suka rubuta yarjejeniyoyin su ne masu masana'antun.

Saura maganar inda takardun suke. Daga Yamai, wuri mafi sauƙin shiga shi ne taskar tsohuwar Majalisar Ƙasashe, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta gada, domin an ɗauki hoton takardunta an sa a intanet kyauta, kuma a ciki akwai rahotannin shekara na ƙasashe da jerin manyan kamu da kwamitin ofiyom na Majalisar ke tattarawa. Gallica, taskar ɗakin karatun ƙasar Faransa, tana da jaridun gwamnati da rahotannin kasafin kuɗi na ƙasashen mallaka. A gwada neman kalmomin opium saisi, opium de contrebande da répartition des amendes, a haɗa da sunan gari. Qatar Digital Library tana ɗauke da dosiyoyin ofishin Indiya da suka shafi Tekun Fasha, inda ofiyom ɗin Iran ke ratsawa ta tashar Bushehr, kuma waɗannan dosiyoyi suna da daɗin aiki domin gajeru ne, wasiƙa da amsarta a jere. Tsofaffin jaridun Singafo suna NewspaperSG, na Holan da Jawa suna Delpher. Jarida tana ba da labarin kamu da na kotu, amma da wuya ta bi kayan zuwa sito, don haka amfaninta shi ne ta ba da rana da suna da za a nemi dosiye da su.

Abin da ba ya intanet sai an yi tafiya ko an roƙi wanda ke can. Takardun gwamna janar na Indoshin suna Aix-en-Provence a kudancin Faransa. Na Hong Kong da Singafo suna taskar Kew a Landan, a ƙarƙashin lambobin CO 129 da CO 273. Na Afirka ta Yamma ta Faransa suna Dakar, inda aka jera su da haruffa: H na kiwon lafiya, M na shari'a, S na duwan da haraji, 2G kuma na rahotannin lokaci-lokaci. Na Arewacin Najeriya suna Kaduna. A Yamai kanta akwai taskar takardun ƙasa da ɗakin karatun IRSH, cibiyar binciken kimiyyar ɗan Adam ta jami'a. A tuna cewa Nijar ta zama cikakkiyar ƙasar mallaka a 1922, kuma Damagaram ce hedikwata daga 1911 har 1926, don haka wasiƙun waɗannan shekaru daga can suka fito. A tafi da takardar gabatarwa daga jami'a, a tambayi ƙa'idar ɗaukar hoto tun ranar farko, a kuma rubuta lambar kowane kwali da kowane dosiye kafin a fara karantawa, domin hoton takarda marar lamba ba ya zama hujja a gaban malaman da za su duba kundi.

Wajen rubutawa, a raba abin da takarda ta tabbatar da abin da aka hango. Kamun da aka samu rasit ɗin masana'anta ko takardar hallakawa a kansa, a faɗi makomarsa kai tsaye. Wanda takardunsa suka tsaya a hukunci, a rubuta cewa sawunsa ya tsaya a sito a rana kaza, a bar shi a nan, kada a cike masa da abin da ƙa'ida ta ce ya kamata a yi, domin ƙa'ida da aiki ba kullum suke tafiya tare ba. A kuma lissafa irin waɗannan a fili, a ce cikin kamu kaza da aka bi, kaza ne aka ga ƙarshensu. Game da sunaye, manyan jami'ai da suka sa hannu a matsayin hukuma ana iya ambatonsu, amma ɗan dako ko matuƙin jirgin ruwa da aka kama da ƙulli ɗaya, da ɗan rahoton da ya karɓi lada, ya wadatar a ambaci sana'arsu da garinsu, musamman idan binciken ya dawo kan iyakar Ƙonni ko Madawa, inda jikokinsu ke raye kuma an san gidajensu.